Azumin da Muka Ɓoye a Gandun Yazawa

Bana azumi ya yi zagayensa ya sake faɗowa a kan nunar yazawa, karo na farko tun waccan shekarar. Da safe na gangara bakin ruwa sayen manja, sai ga kwalekwale daga Itapajipe maƙil da kwandunan yazawa, ja da rawaya, ƙudan zuma na biye da su. Warin ya riga idona isa. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani ɗan dako ya daka mini tsawa wai tsohuwa ta kauce. Na kauce, amma ban bar shi ya wuce haka nan ba, sai da na gaya masa abin da uwarsa ta manta ba ta gaya masa ba. Da azumi a bakina kuma, Allah ya yafe mini.

Yanzu ba wanda ya damu ko na ci ko ban ci ba. Ina wuni gaban kaskona ina toya ƙosai, mutane su saya su ci a gabana, in juya in tofar da yawu gefe, ba mai ɗaga kai ya dube ni. Mu nawa ma muka rage masu jin Hausa a Bahiya? Idan muka taru, tabarma biyu ta ishe mu. A waccan shekarar kuwa, tofar da yawu kaɗai ya isa a raba uwa da 'yarta.

Sunana Dije, ko da yake Turawan nan Juwana suka laƙa mini. Daga ƙasar Zazzau yaƙi ya ɗebo ni ina budurwa, aka yi ta sayar da ni hannu zuwa hannu har teku, aka tsallako da ni nan a jirgi. Wanda ya saye ni a nan, Sinyo muke ce masa, haka bayi ke kiran ubangidansu a ƙasar nan. Gandunsa ƙarami ne, can Itapajipe, itatuwan yazawa sun gangara har bakin yashi. A ƙasarsu da inabi ake giya. Ya shuka inabi ya ƙi, ya sake shukawa ya ƙi, sai ya koma kan yazawa, yana matse ta yana zubawa a gangunan katako, ana kaiwa kantunan bakin jirgi. Mutum ne mai maƙo na ban mamaki. Idan ganga ta ɗiga a ƙasa, sai ya tsuguna yana kallon wurin kamar an yi masa rasuwa.

Hausawa uku ne mu a gandun. Akwai ni, akwai Audu uban 'yata Lami, wanda ke dakon ganguna zuwa gari, sai Baba Sambo. Baba dattijo ne Bakatsine, dogo, siriri, shi ke kula da matsar yazawa da ɗakin ganguna. Ba shi ya haife ni ba, amma ranar da aka kawo ni ina kuka shi ya fara ce mini "sannu, 'yar nan" da Hausa, tun daga ranar kowa a gandu ya san ni 'yarsa ce. Ya shekara ashirin ko fiye yana wannan aiki, ɗigo bai taɓa wuce leɓensa ba. Na taɓa tambayarsa yadda Musulmi zai wuni yana dama giya. Ya ce, "Hannun nan an saye shi, Dije. Bakin ne ba su biya kuɗinsa ba."

A ƙarshen azumin da ya gabaci wanda nake ba da labari, Musulmin cikin gari suka yi bore, yawancinsu Yarabawa, waɗanda ake ce wa Nago a nan. Kafin hantsi an murƙushe su. Abin da ya biyo baya ba na son tunawa, amma ba ya barina. Male suke kiran Musulmi, kalmar ta zama kamar a ce maye. Farar riga laifi, zobe a yatsa laifi, takarda mai rubutun Larabci kuwa ba a magana. Ana ɗaure mutum a fili a yi masa bulala har bayansa ya tsage, a mayar da shi ya ɗan warke, a sake fito da shi. Audu ba ya cikin boren, wallahi ba ya ciki, yana gandu tare da mu. Daga baya ne aka tare shi a bakin jirgi da ganga a ka, aka ga laya a wuyansa. Bayan bulalar aka sayar da shi can kudu, har yau ban ji wanda ya gan shi ba.

Ni ba bulalar nake tsoro ba, ko da yake ita ma ina tsoronta. Lami ba ta daɗe da yaye ba, kuma dukiyar Sinyo ce kamar itatuwansa. Idan aka kama ni, ni za a tafi da ni, ita ta zauna. Za ta tashi a bayan wata, ta manta ko da wane harshe nake rarrashinta. Baba ya binne allonsa a gindin kwakwa, ya ƙone ɗan farin ƙyallen da yake salla da shi. Salla ta koma ta zuci da ido, a tsaye ko a tsugune, yadda hali ya yi.

Haka muka ci shekara, kowa na tsoron inuwarsa. Aka yi ɗan yayyafin da suke kira ruwan yazawa, itatuwa suka yi fure, suka ɗaura 'ya'ya, zafi ya sauko gadan-gadan. Wata yamma muna wanke kwanduna a bakin ruwa, Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya yi nuni da haɓa. Ga jinjirin wata can saman teku, siriri.

"Na azumi ne," in ji shi, bakinsa ko motsi ba ya yi. "Ke kam ki bari bana. Kina da 'ya. Allah ya san halin da ake ciki, kya rama."

"Kai fa, Baba?"

"Ni tsoho ne, me ya rage?"

"To ni ma zan ɗauka."

"Taurin kai, Dije."

"A wurinka na gada."

Ya yi tsaki ya ci gaba da wanke kwandonsa. Ni dai na san abin da ke raina. An karɓe sunana, an karɓe mijina, an karɓe sallata. Azumi ne kaɗai ibadar da ba a gani a jikin mutum. Haka na ɗauka a lokacin.

Aikin yazawa ba ya jiran kowa. Tun ƙararrawar asuba ake fita da kwanduna a tsince waɗanda suka faɗo, kafin rana ta dafa su. Kafin ƙararrawar nake cusa ɗan garin rogo jiƙaƙƙe da guntun busasshen kifi, in kora da ruwa, in goge baki. Idan an tara, mata su zauna su murɗe ƙwallon daga jikin kowace ɗaya. Ruwan na bin hannu har gwiwa, ya bushe ya yi danƙo, duk zanen da ya taɓa ya baƙanta har abada. Maza su kwashe zuwa rumfar matsa, a zuba a kwamin katako, Baba ya sa a danne da gungume, ruwan na tsiyaya ta cikin ƙyalle. Ƙarfe ba ya taɓa shi, sai katako da ƙoƙo. Da rana kuma a gasa ƙwallayen a kan wuta, hayaƙinsu na shiga ido da maƙogwaro, mansu na ƙona yatsu.

Zafin ƙasar nan ba irin namu ba ne mai busar da mutum. Wannan jiƙa ka yake yi. Gumi na fita ba ya bushewa, iska ta tsaya cik har sai la'asar teku ya tuna da mu. Kafin azahar harshena ya manne a dasashi, idona na ganin baƙi-baƙi idan na miƙe daga tsuguno. Ga ruwan yazawa na gudu a hannuna wuni guda, mai sanyi, mai ƙamshi. Wani lokaci hadari ya taso daga teku ba sallama, ya zubo mai ɗumi na ɗan lokaci. Sauran bayi su ɗaga kai su buɗe baki suna dariya, ni in sunkuyar da kai in datse leɓe, ruwa na gangarowa ta haɓata. Yana ɗaukewa ƙasa ta hau tururi, zafin ya dawo ya fi na da.

A gandun yazawa kowa na shan yazawa, abu ɗaya ke nan da Sinyo ba ya iya hanawa. Mai tsinta na tafe yana tsotsa yana furzar da tuƙa. Wanda ba ya sha sai ya fita daban. Don haka muka koyi dabaru. Nakan tsaga ɗaya da farce in riƙe a hannu, in shafa ruwan a haɓata da wuyan rigata. Abincin rana, wake da garin rogo, sai in ɗauka in ce zan je in ba Lami a inuwa, in tura mata abin da za ta iya, in rufe saura a ƙoƙo. Baba ya ɗaure muƙamuƙinsa da tsumma wai haƙori ke damunsa. Wata Bayarabiya, Iya Rosa, da muke ɗaki ɗaya, ta gane tun kwana na biyu. Ba Musulma ba ce, tana da abin bautarta a ƙarƙashin gado. Idan na ajiye ƙoƙona sai ta matsar da nata kusa, ta ɗan ci daga nawa don a ga ya ragu.

Duk mun yi wannan wayon, muka manta abin da muka tashi da shi tun muna yara. Mai azumi a ƙasarmu ba ya haɗiye yawu, tofarwa yake yi. Ba wanda ya koya mana da baki, gani muka yi iyayenmu na yi. Ni ina tofi a gindin itace, Baba na tofi a bakin rumfa, ba mu ma san muna yi ba.

Bentu shi ne sarkin gandu, mai riƙe da bulala. Baƙi ne kamarmu amma haifaffen nan, kuma ya yi dako a bakin jirgi tare da Musulmi kafin Sinyo ya ɗauko shi. Wata rana ina murɗe ƙwallaye, na juya na tofar, sai na ga ƙafafunsa a gabana. Yawun ya sauka dab da babban yatsansa.

"Juwana," ya ce da harshen Turawan, a hankali, "cikinki ne ya ɗauka?"

"A'a."

"To me ya sa kike ta tofi? Ke tofi, tsohonki tofi." Ya sa yatsan ƙafa ya rufe yawun da ƙasa. "Na san masu irin wannan tofin a bakin jirgi. Wata guda suke yi suna yinsa, sa'an nan su daina. Bara ma sun yi."

"Baurin yazawa ne."

"Haka ne, yazawa akwai bauri." Ya ɗauki ɗaya daga kwandona, babba, ja, ya juya ta a hannu. Na ce shi ke nan, yanzu zai ce in sha a gabansa. Sai ya kai bakinsa ya tsotse, yana kallona, ya jefar da tuƙar a cinyata ya wuce.

Iya Rosa ta jawo kwandon gabanta ta taya ni. Daga ranar na koma haɗiye yawu, ina haɗiyewa ina istigfari, ban san ko azumin na nan ko ya tafi ba. Amma an riga an gani. Duk inda na juya, idon Bentu na kaina. Idan na ji takun doki a hanya sai in nemi inda Lami take.

Akwai bikin da Sinyo ke yi kowace shekara, 'yan kwanaki bayan Kirsimeti, ranar buɗe gangar farko. Shi ne babban taron unguwar. Masunta na zuwa, masu gyaran jirage na zuwa da matansu, maƙwabta masu gonaki su zo a kan dawakai. Fada ya zo daga coci ya yayyafa wa gangar ruwa. A gasa alade, a raba wa bayi zanen shekara. Bayan haka sai a jera mu, babba a gaba, kowa ya zo gaban Sinyo ya rusuna, a cika masa ƙoƙon kwakwa, ya yi wa Sinyo fatan tsawon rai, ya shanye a wurin. A shekarun baya abin wasa ne. Baba ya karɓi nasa ya miƙa wa Bentu, ni da Audu mu miƙa wa na bayanmu, Sinyo ya yi dariya ya ce tsohon nan bai san daɗin duniya ba. Har jiran wannan wasa baƙi suke yi.

Ana jibi biki, Iya Rosa ta dawo daga wanki a babban gida, ta ja ni bayan ɗaki.

"Alƙalin unguwa zai zo bana," ta ce. "Wanda ya bi gida-gida bara yana neman Male. Bentu ne ya kai wa Sinyo magana, Sinyo ya ce ba zai yarda a ce yana ɓoye Male a gandunsa ba, gara alƙali ya zo ya gani da idonsa. Kusa da ganga za a sa masa kujera. 'Yar'uwa, ku sha. Ko me addininku ya ce, ku sha."

Na iske Baba a ɗakin ganguna da la'asar, shi kaɗai, yana toshe wata da ke ɗiga. Ɗakin duhu, warin tsami ya cika shi, ganguna na ta ƙugi a hankali. Na gaya masa duka. Bai daina aikinsa ba.

"Baba, ka ji ni kuwa?"

"Na ji."

"Ni zan sha. Ba zan ɗauki azumi ranar ba, in an miƙo mini zan rufe ido in shanye. Allah ya ga Lami. Amma kai ne a gaba. In ka ƙi, ba kai kaɗai za su ɗauka ba, kowa ya san ni 'yarka ce. Don Allah, don Annabi, Baba, ka sha."

Ya goge hannunsa a cinya.

"Jibi ki ɗauki azuminki," ya ce.

"Baba!"

"Na ce ki ɗauka. Tun da nake da ke na taɓa sa ki abu?"

"To me za ka yi?"

"Je ki, ana nemanki a wurin gashi."

Na fita. Na ce a raina tsohon nan ya gaji da duniya, shahada yake nema, kuma da ni zai tafi. Na ji haushinsa, wallahi na ji, har na zage shi a zuci. Na yi tunanin in ɗauki Lami in gudu, amma ina? Gaba teku, baya masu farautar bayi da karnuka. Na ce wa Iya Rosa in wani abu ya faru ta riƙe mini ita, ta riƙa kiranta Lami ko da a ɓoye ne, ba sunan da Turawa suka sa mata ba. Ta ce in rufe mata baki, sa'an nan ta juya tana share ido. Ranar bikin da asuba na zauna da garin rogo a gabana ina ta saƙe-saƙe. Ƙarshe na ci, na yi niyya, don wannan ne karo na farko da Baba ya sa ni abu, ban kuma san yadda zan saɓa masa ba.

Rana ta fito da zafinta tun da wuri. An share fili, an kafa rumfar ganyen kwakwa, an mirgino gangar an yi mata ado da furanni. A shekarar an hana kiɗan gangunan Yarabawa, sai abin kiɗan Turawa mai tsirkiya da 'yan kacau-kacau. 'Yan matan unguwa suka shigo a jere da fararen riguna da hulunan kaba suna waƙa, a bayansu wani ya shiga cikin bijimin sa na ƙyalle da ƙahonin gaske, yana tunkuyin yara suna ihu. Hayaƙin alade ya rufe gandu. A wata shekarar da na tsaya kallo, don abin akwai kyau. Ranar kuwa mutum ɗaya nake gani, gajere mai jan fuska, da baƙar kwat a wannan zafin, ya ɗora haɓa a kan sandarsa kusa da ganga. Soja biyu na zaune a inuwar mangwaro, an ba su nama.

Fada ya yi yayyafinsa, aka buge toshiya, baƙi suka sha suka yaba. Rana na tsaka aka ce bayi su jeru. Bentu ne riƙe da ludayi. Na goya Lami na ɗaure ta tamau, har ta yi ƙara. Ina tsakiyar layi, Baba na can gaba, ya cire tsumman muƙamuƙinsa.

Ya rusuna, Bentu ya cika ƙoƙon har yana zuba. Baƙin da suka saba suka fara murmushi suna jiran ya miƙa wa wani. Kiɗa ya tsaya. Baba ya riƙe ƙoƙon da hannu biyu yana kallon cikinsa. Na ce yanzu zai ajiye shi a ƙasa.

Ya yi wa Sinyo fatan tsawon rai, ya kafa kai. Ina ganin maƙogwaronsa na hawa yana sauka har ya shanye tas. Ya sauke ƙoƙon, ya lashe leɓe, ya ce da gurɓataccen harshensu, da ƙarfi, "Ashe haka take? Bentu, ashe cutata kake yi shekara da shekaru! Ƙaro!"

Fili ya ɗauki dariya. Sinyo ya buga cinya. Alƙali ya ɗaga haɓarsa daga sanda. Aka ture Baba gefe, amma ya ƙi barin wurin, yana ta zagaya ganga yana miƙa hannu, ana kore shi yana dawowa. Tsohon da bai ci komai ba tun asuba, cikin wannan rana, nan da nan ƙafarsa ta fara harɗewa. Ban taɓa ganin haƙoran Baba a waje haka ba. Na rasa ko sanyi zan ji ko kuka zan yi, layi kuma na ta matsowa.

Da na iso, Bentu bai dubi ƙoƙon ba, ni yake kallo. Ya cika shi, ya ce wa alƙali, "Wannan ce ɗayar, ranka ya daɗe." Na rusuna da Lami a baya. Na karɓa, giyar na zuba a yatsuna. Warinta ya doki hancina. Na ce in na sha na amayar a gabansu fa? Na ɗaga ƙoƙon.

Sai ji na yi an fizge shi. Baba ne, ya faɗo ta gefena har ya kusa ture ni.

"'Yata ce!" yana ihu. "Rabon 'ya na uba ne! Ni na matsa, ni na dama, wannan me ta yi?" Kafin Bentu ya kai hannu ya shanye, saura na bin gemunsa. Da ya sauke ƙoƙon idonmu ya haɗu. Idon nan ba na maye ba ne. Cikin haƙora ya ce mini da Hausa, "Zage ni."

Na zage shi. Da harshensu na zage shi, da duk ƙarfina, na ce masa tsohon banza, ɓarawo, mashayi, shekara guda ina jiran ƙoƙon nan. Na kai masa duka a kafaɗa, na ƙara. Hawaye na zuba, su kuma suna ganin na giya ne. Lami ta tsala ihu a bayana. Mutane har da riƙe ciki, alƙali na share ido da hankici.

Bentu ya sake tsoma ludayi. "A ba ta wani, ta sha a gani."

"Kai!" in ji Sinyo, ya dafe bakin gangar. "Ƙoƙo ɗaya kowane kai. Nata na cikin ubanta, ta bi shi can. Na gaba!"

Iya Rosa ta turo ni daga baya na wuce. Ina jin alƙali na ce wa Bentu, "Waɗannan ne Malenka?" Ya yafito Baba, ya tsinko naman alade daga farantinsa ya miƙa masa a kan wuƙa. Baba ya karɓa ya tauna, ya haɗiye, ya yi godiya. Suka ce ya yi rawa. Aka tada kiɗa, san ƙyalle ya biyo shi da ƙaho, dattijon da ko tafiya ba ya yi da sauri ya dinga tsalle a tsakar rana, yana faɗuwa ana ɗaga shi, yara na jifansa da tuƙar yazawa. Na tsaya na kalla har ƙarshe, ina dariyar da ake so in yi, don Bentu bai daina waiwayena ba. Da la'asar alƙali ya hau dokinsa da tulu biyu na kyauta, sojojin suka bi bayansa.

Rana na gab da faɗuwa na samu na zame da ruwa a ƙoƙo. Na sami Baba a bayan rumfar matsa, a kan tarin tuƙar yazawa, ƙudaje sun rufe shi. Ya yi amai har a ƙirjinsa, gwiwarsa ta fashe. Na tsuguna na kore ƙudajen, na jiƙa bakin zanena na goge masa fuska. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Sun tafi?"

"Sun tafi, Baba."

"Lami fa?"

"Ga ta a bayana, ta yi barci."

Ya lumshe ido. Can ƙasan itatuwa rana ta nutse a teku, ana ta kiɗa a fili. Na tallafo kansa na kai masa ƙoƙon baki.

"Rana ta faɗi, Baba. Sha ruwa."

Ya kau da kai. "Wane shan ruwa gare ni, Dije? Sha naki. Naki na nan lafiya."

Na sha. Baba ya yunƙura ya tashi zaune, ya faɗi, ya sake yunƙurawa har ya durƙusa a gabana cikin tuƙar nan. Ya buɗe tafukansa biyu.

"Yau ke kaɗai ce mai azumi a gandun nan," ya ce, harshensa na nauyi. "Addu'ar mai azumi ba ta faɗuwa ƙasa. Roƙa mini gafara, 'yar nan. Ni ba zan iya kiran sunansa da bakin nan ba."

Ni da duk abin da na sani na karatu a bakinsa na koya, Fatiha da 'yan gajerun surori. Na ɗaga hannu na fara, a hankali don kada a ji. Da na kai ƙarshe na saurara ya ce amin. Ya motsa leɓe, ya rufe bakinsa da hannu, ya girgiza kai. Ni na faɗa mana, mu biyu.